Jawabi Kan Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yaranmu



A ƙananan asibitocin Ikara da Maƙarfi da Kudan, ma'aikacin lafiya ya ƙware kan zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da tamowa. Amma idan uwa ta kawo yaron da ya daina magana, ko yake firgita cikin barci, sau da yawa sai a ba shi maganin zazzaɓi, a gida kuma a ce iska ce.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa tun yaro bai wuce shekara 14 ba. Tun 1991 Nijeriya ta sanya wannan fanni cikin aikin lafiya matakin farko, a 2023 kuma aka sa hannu kan dokar da ta maye gurbin ta 1958. Duk da haka ƙwararrun suna can Shika da Barnawa, manomi kuwa yana lissafin kuɗin mota.

Roƙonmu shi ne a koya wa ma'aikatan karkara su riƙa tambayar uwa halin ɗanta kamar yadda suke auna nauyinsa, su kuma san lokacin tura shi gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.