Mu Haɗa Kai Mu Kai Wa Gwamnati Nama Da Kanmu

Jawabin sakataren ƙungiya ga makiyaya da fataken shanu a Garwa

Iyayenmu ardo-ardo, sarakunan fawa, 'yan'uwa makiyaya da fatake, Allah ya saka da alheri da kuka baro garke da kara kuka zo.

Jama'a, gwamnati ma tana cin nama. Barikin soja, gidan yari, asibiti, duk inda ake dafa wa mutane abinci kullum, sai an kai nama mako-mako. Shanun kuwa namu ne, daga kasuwannin Adumri da Pitowa da Ngong ake sayo su. Amma wanda sunansa ke kan takarda, galibi ɗan kwangila ne da ba shi da ko maraƙi. Ya karɓi sa a hannunmu bashi, ya kai, ya ci riba, mu kuwa muna binsa kuɗinmu.

To, ga yadda abin yake a doka. A Kamaru, sayayyar da ba ta kai sefa miliyan 5 ba, ofis yana yin ta da takardar oda da ake kira bon da komand, ba sai an yi gasa ba. Daga miliyan 5 zuwa sama, sai an bi dokar kwangilolin gwamnati ta 20 ga Yuni 2018. Doka ta hana a tsinka babbar sayayya gutsu-gutsu don a kauce wa gasa. Saboda haka ta buɗe wata ƙofa ga kayan da ake bukata a kai a kai, wato yarjejeniya tsayayya, akor-kadar da Faransanci. A yi gasa sau ɗaya, a zaɓi mai kawo kaya, a rubuta mafi ƙarancin abin da za a saya da mafi yawansa. Daga nan duk lokacin da bukata ta taso, sai ofis ya aiko da oda kawai. Ba ta wuce shekara 3.

Amfaninta gare mu shi ne sanin mai saye tun kafin a fitar da sa daga garke. Amma ba a ba mutum don yana da shanu. Sai ƙungiya mai rajista, irin GIC da dokar 1992 ta kawo, ko kofaratif bisa dokar OHADA ta 2010. Sai lambar haraji, da shaidar biyansa, da asusu a banki. Naman kuma sai wanda aka yanka a kwata, likitan dabbobi ya duba ya buga hatimi.

Yanzu ku saurari haɗarin, don alkawari kaya ne. Na farko, rani. Farashin da muka sa wa hannu a kaka, lokacin da shanu ke da ƙiba, shi zai bi mu har Afrilu, sa'ad da ciyawa ta ƙone, saniya ta rame. Dattawanmu sun tuna Janairun 1994, da aka karya darajar sefa da rabi dare ɗaya. Kada mu sa hannu sai mun ga sharaɗin gyara farashi, mun kuma tanadi kuɗin harawa da tunkuzar auduga ta SODECOTON. Na biyu, biya. Kuɗin baitulmali yakan ɗauki watanni, kuma ana cire haraji kafin ya iso. Mutum guda ba zai jure ba, amma in gida 30 suka yi karo-karo, kowa sa ɗaya a zagaye, za a iya. Na uku, ciwo. In annoba ta shiga garke, oda ba ta jira. Allurar LANAVET a nan Bokle ake yin ta tun shekarun 1980, kada sa guda ya tsallake rigakafi.

Abin da muke roƙo yau, kowane ardo ya kawo mana sunayen masu son shiga da adadin shanun da za su iya fitarwa kowane wata, har da watannin rani. Kada wanda ya faɗi abin da ba zai cika ba. In mun ga lissafin ya tsaya, sai mu fara da ƙaramar oda, mu gwada ƙarfinmu tukuna.

Allah ya raya garke, ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.