Hanya Ta Kowa Ce: Ra'ayina A Kan Dokokin Kiyaye Haɗurra Da Halin Tuƙinmu

Jawabin da wani ɗan ƙungiya, tsohon ma'aikacin gwamnati mazaunin Kano, ya gabatar a babban taronmu na shekara-shekara



Wakilin Mai Martaba Sarkin Gumel, Allah ya ja zamanin Sarki, shugaban wannan taro mai albarka, hakimai da dagatai, iyayenmu malamai, shugabannin wannan ƙungiya, 'yan'uwana maza da mata da suka taso daga Kano, Kaduna, Abuja, Legas da sauran garuruwa, ina yi muku barka da zuwa gida, kuma barka da hanya.

Wannan gaisuwa ta ƙarshe ita ce maƙasudin tsayuwata a gabanku. Da kwamitin shirya taro ya nemi in yi magana, sai na ce a ba ni batun hanya, domin na duba na ga ita ce kaɗai abin da ya haɗa mu duka. Ɗan Maigatari da ke kasuwanci a Legas, da ɗan Gagarawa da ke aiki a Abuja, da ɗan Sule Tankarkar da ke karatu a Zariya, da mu 'yan cikin garin Lautai, kowa sai ya bi kwalta kafin ya ga mahaifiyarsa. Ni ba jami'in kiyaye haɗurra ba ne, ba kuma injiniya ba ne. Abin da nake da shi kawai shi ne shekaru fiye da talatin ina zirga-zirga tsakanin Kano da gida, da kuma jana'izar da na halarta wadda ba cuta ce ta kawo ta ba. Saboda haka ra'ayina ne zan faɗa, wanda ya ga na kauce sai ya gyara mini.

Bari in fara da laifin kaina, don kada a ce tsoho ya zo yana wa'azi da abin da bai aikata ba. Lasin ɗina na farko ban taɓa zama a gaban wani mai jarrabawa ba kafin in same shi. Hoto na bayar da 'yan kuɗi, bayan mako biyu aka kawo mini shi har ofis. Na yi shekaru ina tuƙi ban san cewa dokar hanya ta ƙasa ta ƙayyade kilomita 50 a awa ɗaya a cikin gari ba, da 80 ga ƙaramar mota a kan babbar hanya irin tamu, 100 kuwa sai a kan tagwayen hanya. Abin da ya koya mini shi ne wata almuru ta jajibirin Sallah, da hazo, na baro Gujungu ina sauri in riski Magariba a gida. Ban ankara ba sai ga amalanke a gabana, shanu biyu, da yaro wanda bai wuce shekara goma ba a kan buhunan gero. Na taka birki, mota ta juya ta faɗa cikin rairayi. Allah ya kiyaye babu wanda ya ƙwarzane. Amma da na fito jikina na rawa, yaron nan ya dube ni ya ce, "Baba, sannu." Har yau ban manta wannan sannu ba, domin ni ne ya kamata in ba shi haƙuri.

Daga baya wani ƙanena malamin kimiyya ya yi mini lissafin abin. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin ƙafarka ta bar totur ta kai ga birki ka riga ka wuce tsawon gidan wani. Kuma idan ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin karo da nisan da birki ke bukata sau huɗu suke ninkuwa. Wannan ba dokar gwamnati ba ce da za a ba wani goro ya ɗauke kai.

To ita gwamnatin me ta yi? A yi mata adalci, ta yi dokoki da yawa. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a shekarar 1988, da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko. A farkon 2003 aka fara tilasta ɗaura bel a mota, a farkon 2009 aka zo da dokar hular kwano ga masu babur, sannan a 2017 aka fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. A kan takarda babu ɗaya daga cikinsu da mai hankali zai ƙi.

Dokar bel ita ce wadda nake ganin ta fi cin nasara, ko da yake rabin nasara ce. Mu 'yan birni mun iya ta sosai: da an hango masu kaki sai a jawo bel a ɗora a kafaɗa, da an wuce su sai a sake shi. Na taɓa shiga motar haya da direba ya miƙo mini wani tsumman igiya baƙa ya ce in rataya, ba ta ma da maƙali. Wato mun ɗauki bel a matsayin kariya daga tara, alhali an yi shi ne don kada ƙirjin mutum ya haɗu da sitiyari.

Dokar hular kwano kuwa, a ganina, darasi ce ga duk mai mulki. Da yawanku za su tuna yadda 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da tukwanen roba a ka, har kafofin labarai na ƙasashen waje suka ɗauka suna dariya. Hular ta yi tsada a kasuwa da dokar ta fito, fasinja yana ƙyamar sa abin da mutum ɗari suka sa a zafin bazara, ga jita-jitar cewa ana asiri da ita, ga mai rawani da mai ɗankwali ba a yi tunaninsu ba. Ba a zauna da limamai ba, ba a zauna da masu unguwanni ba, sai kame kawai. Dokar ta mutu a ƙauyukanmu, amma kawunan da aka so karewa suna nan suna fashewa a kan hanyar Gumel zuwa Sule Tankarkar. Gaskiyar dokar tana nan daram. Hanyar da aka bi da ita ce ta kashe ta. Ni kam duk ɗana da ya sayi babur sai ya sayi hula, in ya so abokansa su kira shi ɗan sama jannati.

Akwai kuma matakin da aka ɗauka don maganin wata matsala, ya haifo wata. A watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba na wannan shekara kuma aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, don hana fasa-ƙwauri. 'Yan'uwanmu na Maigatari, da garinsu ke kan iyakar kanta, sun san abin da ya biyo baya a lokacin. Bukatar mai ba ta ragu ba, sai dai man ya bar tankin ƙarƙashin ƙasa ya koma jarkoki, a kan babura, a bayan ƙananan motoci, a zaure da ɗakunan da yara ke kwana. An sake buɗe iyakar Maigatari a Disamba 2020, tana cikin huɗun farko da aka buɗe, amma sabon da mutane suka yi da ajiye fetur kamar man gyaɗa ya riga ya zauna. Wanda ya sa hannu a wannan umarni a Abuja ban yi zaton ya taɓa ganin yadda ake ɗura mai a kusa da murhun mai shayi ba.

Wannan ya kawo ni ga Majiya, kuma ina roƙon ku ku ba ni hankalinku a nan. A daren Talata, 15 ga Oktoba 2024, tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta faɗi a garin Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, a kan hanyar da yawancinmu muke bi in za mu gida. Faɗuwar tankar ba ita ta yi ɓarnar ba. Mai ya malala cikin magudanar ruwa, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, jami'an tsaro suka yi ta kora ba a ji ba, sai wuta ta tashi. Sama da mutum 180 suka rasu, mafi yawansu matasa, aka yi jana'izar da yawa daga cikinsu a kabari ɗaya washegari, waɗanda suka ƙone kuma suka cika asibitocin Ringim da Haɗeja har zuwa Kano. Allah ya jiƙansu da rahama. Wata uku bayan haka, a Janairu 2025, irin wannan ta sake faruwa a mahaɗar Dikko ta jihar Neja.

Na ji wasu 'yan'uwanmu na birni suna cewa jahilci ne da kwaɗayi. Ban yarda da wannan hukunci gaba ɗaya ba. Litar da ake saya ƙasa da Naira 200 kafin cire tallafi a watan Mayu na 2023 ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa a watan da abin ya faru. Yaron da ke ganin jarka ɗaya za ta ciyar da gidansu mako guda, ba zagi ne zai tsayar da shi ba. Amma kuma ban yarda da masu cewa talauci ne kawai ba, domin akwai abin da da an sanar da shi, da wasu sun tsira. Ba ruwan fetur ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa yana bin kwata da rami, ya yi nisa da inda tankar take. Karan sigari, ko salansar babur mai zafi, ko ƙarfe ya gogi kwalta, ya isa. Mutumin da ya tsaya kallo a gefe yana cikin haɗari daidai da mai bokiti. Wannan bayani bai fi minti biyu ba, kuma ban taɓa jin an yi shi a huɗuba ko a filin makaranta a ƙasarmu ba kafin Majiya.

Daga 1 ga Maris 2025 gwamnati ta hana tankoki masu ɗaukar lita 60,000 lodi. Mataki ne mai kyau, ina goyon bayansa. Sai dai tanka mai lita 45,000 ma in ta faɗi a tsakiyar gari, ba motar kashe gobara a kusa, ba sashen kula da ƙuna a asibiti, sakamakon ba zai bambanta sosai ba.

Yanzu in dawo kanmu. Duk ranar Alhamis kasuwar Maigatari na ci, dabbobi na shigowa daga Jamhuriyar Nijar, tireloli na lodi zuwa Kudu. Ku tsaya bakin hanya da yamma ku ga yadda 'ya'yanmu ke zaune a saman tirela, a kan katako, shanu a ƙarƙashinsu, za su yi kwana biyu a haka. Ku ga ƙaramar motar da aka yi don mutum biyar ta ɗauki goma, biyu a gaba, wani ma a gefen direba, but a buɗe da buhunan riɗi. Wa ke da waɗannan motoci? Da yawansu namu ne, mu da ke zaune a wannan zaure. Mu ne muke sayen mota mu ba yaro, mu yanka masa balas ɗin da ba zai iya kawowa ba sai ya yi sawu uku a rana, sannan mu yi mamaki in an ce yana shan ƙwaya don kada barci ya ɗauke shi. Mu ne muke sa mata tsofaffin tayoyi 'yan kwance saboda araha. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta. In ka ga 2318, mako na 23 ne na 2018. Ina roƙon kowa in an tashi taro ya sunkuya ya duba tasa, na san wasu za su ji kunya.

Sai kuma lokacin Sallah da bukukuwa, da muke shigowa da manyan motoci mu miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha biyar makulli wai ya zaga gari. Titin da ya ratsa Gumel ko Gagarawa ba titin Abuja ba ne. Akwai tsohuwa mai tallan daddawa, akwai almajirai, akwai garken tumaki da burtalinsu ya riga kwaltar zuwa wurin. Su ne masu gari. Wasan mota a wajen ɗaurin aure kuwa, ban san inda muka samo shi ba. Kakanninmu da suke sukuwa da dawaki fili suke warewa.

Idan abu ya faru sai mu ce ƙaddara ce. Haka ne, babu mai wuce kwanansa. Amma malamanmu da ke nan sun sha karantar da mu labarin mutumin da aka umarta ya ɗaure raƙuminsa tukuna kafin ya ce ya dogara ga Allah, kuma sun fi ni sanin hukuncin wanda ya kashe rai da sakaci, da diyyar da ke kansa. Yafewar da iyalan mamaci ke yi saboda zumunci alheri ne daga gare su, bai kamata ta zama lasin na biyu ga direba ba.

Abin da nake nema daga wannan ƙungiya bai fi ƙarfinta ba. Muna kashe kuɗi a kan kalanda da abincin taro. A rage kaɗan a sayi fenti ko faifan nan mai ƙyalli a manna a bayan amalanke da kurar ruwa a gundumominmu, ta hannun dagatai. A roƙi majalisar Mai Martaba ta umarci limaman Juma'a na ƙananan hukumomin nan huɗu su ware huɗuba guda a kan tankar mai da abin da ya kamata a yi in ta faɗi: a nisanta, a kashe wuta, a tare hanya daga nesa. Likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikinmu su ba da yini ɗaya na hutun Sallah su koya wa 'yan yuniyon da 'yan kamasho na tashoshin Gumel da Maigatari yadda ake tsayar da jini da yadda ake ɗaga wanda ake zaton ya karye a wuya, domin su ne ke fara isa wurin haɗari, kuma sau da yawa ɗaukar gaggawa ce ke ƙarasa mutum. A kuma sanar da jama'a cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, kuma lambar kiran Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122.

Ni na yi alkawarin ɗaukar nauyin faifan amalanke ɗari na farko, kuma zan miƙa kuɗin ga ma'aji kafin in bar wannan wuri. Masu niyyar komawa Kano yau kuma, ga shi La'asar ta gabato. Shugaban taro ya ce an tanadi masauki ga duk wanda ya yarda ya kwana ya kama hanya da safe.