Wayar Hannu Rumbu Ce, A Rufe Ta



A Gidar, hedikwatar Mayo-Louti a ƙasar Kamaru, ciniki ya koma cikin aljihu. Mai gyaɗa ko albasa yana ɗaukar hoton buhunansa, ya tura wa abokin hulɗa a Garwa ko Marwa ta WhatsApp, su daidaita farashi, kuɗi su shigo ta Orange Money ko MTN MoMo. An huta da kuɗin mota, an huta da fargabar tafiya da sefa a ɗamara.

Sai dai inda aka tara hatsi, ɓera ba ya nisa. Wani zai turo saƙon bogi mai kama da na shigar kuɗi, sannan ya kira yana marairaicewa, wai kuskure ya yi, a mayar masa. Wani kuma ya ce shi ma'aikacin kamfanin waya ne, a karanto masa lambar sirri. Kamfani ba ya tambayar wannan lamba. Duk wanda ya neme ta, ɓarawo ne.

Saboda haka, kafin ka saki kaya, buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin sun zauna. Kada ka taɓa mahaɗin da baƙuwar lamba ta turo. Kada shekarar haihuwarka ta zama lambar sirrinka.

Tun Disamban 2010 Kamaru take da dokar hukunta laifukan intanet, hukumar ANTIC kuma tana sa ido. Wanda aka damfara ya kai ƙara, ya ajiye kunya gefe, domin shirunsa ne jarin ɗan damfara.

Allah ya tsare mana guminmu. A huta lafiya.