Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Fitsarin Jini da Ciwon Dajin Mafitsara

A Manga da ƙauyukanta, kamar sauran ƙasar Zuru, yara kan yini a rafi da kududdufi da damina. A irin wannan ruwa ake ɗaukar tsargiya, watau fitsarin jini. Waɗansu iyaye suna ganin alamar balaga ce, alhali kuwa cuta ce. Tsutsarta tana fitowa daga katantanwar ruwa, ta huda fata, ta zuba ƙwai a bangon mafitsara. Likita Bilharz ya gano tsutsar a Alƙahira cikin 1851, kuma cikin 1994 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta tabbatar tana haddasa ciwon dajin mafitsara. Shekaru da yawa ƙwan ke yi suna ƙwarzanar naman kafin ciwon ya bayyana.

In magidanci ya je asibiti da wannan ciwo, likitoci suna so su san ƙarfinsa. Bayan sun duba zurfin da ya yi, sai su auna waɗansu sinadarai da jiki ke yi, waɗanda ake kira furotin. Na farko albumin, wanda hanta ke zubawa cikin jini. In ya yi ƙasa da giram 35 a lita guda, jiki ya raunana. Na biyu CRP, wanda ke hawa in akwai kumburi a jiki. Na uku Ki-67, wanda ake dubawa a ɗan naman da aka yanko daga tsiron. Yawansa yana nuna ciwon yana saurin girma. An lura cewa masu ƙarancin na farko, da masu yawan na biyu da na uku, ba su cika daɗewa kamar sauran ba.

To, lalle a fahimta, wannan awo ba duba ba ne. Ajali na Allah ne. Amfaninsa shi ne likita ya san wanda ƙanƙare tsiro zai ishe shi, da wanda sai an cire masa mafitsara ko an haɗa masa da magani mai ƙarfi. Kuma awo ba ya mai da abin da jinkiri ya ɓata. Da yawa sai ciwon ya ci bango sa'an nan ake kai su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Saboda haka ana roƙon Hakimai su gargaɗi Dagatai da masu unguwanni a kan abu uku. Duk babban da ya ga jini a fitsarinsa, ko da sau ɗaya, ko ba zafi, ya tafi asibiti ba tare da jiran kaka ba. In an zo rabon ƙwayar praziquantel a makarantu, kada a ɓoye yaro. A hana fitsari a ruwan da jama'a ke shiga. Malamai kuwa su rubuta wanda aka tura da ranar tafiyarsa, domin a bi sawunsa.

Allah ya ba da lafiya, amin.