Ƙuri'ar Bakano da Hanyar da Take Bi

  

Ya 'yan'uwa maza da mata, maudu'in da aka ɗora mini a yau shi ne zaɓe. Ba zan ce ku zaɓi wane ko ku ƙi wane ba, domin nan ba dandalin hakan ba ne. Abin da nake so mu duba shi ne tuhumar da ake yawan yi wa mutanen birnin nan, wai talaka ya lalace, ba ya fita ranar zaɓe, in ma ya fita to taliya da sabulu ne suka fito da shi. Lalle akwai mai sayar da ƙuri'arsa, kuma wannan abin kunya ne. Amma tarihin cikin ganuwar nan yana nuna mana cewa Bakano yakan auna hanyar da ƙuri'arsa za ta bi kafin ta zama hukunci. In ya amince da hanyar sai ya fito, in kuwa bai amince ba sai ya yi zamansa a zaure.

Mu fara da shekarar 1951. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a nan Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta shiga zaɓen Majalisar Jihar Arewa. Zaɓen kuwa mataki-mataki ne: mutanen unguwa su zaɓi wakilai, wakilan su zaɓi wasu, har a kai matakin ƙarshe. A matakan farko NEPU ta yi rawar gani a cikin birni. To amma doka ta ba En'e ikon cusa nata mutanen a matakin ƙarshe ba tare da kowa ya zaɓe su ba, sai aka tashi NEPU ba ta da kujera ko ɗaya. Ba a sace akwati ba, ba a yi aringizo ba, tsarin ne da kansa ya tace ƙuri'ar talaka kamar yadda rariya ke tace gasara. Sai a 1959 aka yi zaɓen tarayya kai-tsaye kuma a asirce, mutum ya shiga ɗaki shi kaɗai ya jefa takardarsa a akwati mai tauraro ko mai fartanya, inda dogari ba ya ganinsa. A wannan zaɓen ne Malam Aminu Kano ya ci kujerar Kano ta Gabas. Mata kuwa ba su da ƙuri'a a Arewa a lokacin, sai a 1976.

A 1979 Kano ta shiga tarihin ƙasa ta wata ƙofar. Tsarin mulki ya ce ba a zama shugaban ƙasa sai an sami rubu'in ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, waɗanda a lokacin 19 ne. Alhaji Shehu Shagari ya sami rubu'i a jihohi 12, amma a Kano, inda PRP ta Malam Aminu ta yi rinjaye mai yawa, abin da ya samu bai cika kashi 20 cikin ɗari ba. Lauyansa Richard Akinjide ya ce biyu bisa ukun 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, saboda haka rubu'in biyu bisa ukun ƙuri'un Kano ya isa. Kotun Ƙoli ta amince a watan Satumba na shekarar. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan hukuncin, mai zaɓe ya koyi cewa bayan akwati akwai lissafin lauyoyi.

Zamanin Janar Babangida ya zo da zaɓen ƙato-bayan-ƙato, wato kowa ya tsaya a layi bayan hoton wanda yake so, a ƙirga kawuna da rana tsaka. Wannan tsari ya toshe wata ɓaraka ya buɗe wata. Ƙirga a gaban jama'a ba ta ɓoyuwa, gaskiya ne. Amma ku da kuke zaune a lungunan Yakasai da Mandawari da Jakara kun san yadda zamanmu yake, gida manne da gida, kowa ya san kakan kowa. Yaron shago zai tsaya a layin da ba na maigidansa ba? Ɗan haya fa? Matar aure fa, mijinta yana wancan layin yana kallonta? Mutane masu kamun kai da yawa sun gwammace su zauna a gida da su ɓata da maƙwabci. Domin zaɓen 12 ga Yuni 1993 sai aka gyara, mutum ya dangwala a ɓoye, ya jefa a fili, a ƙirga nan take. Abin da ya fito ya ba mutane mamaki: Alhaji Mashudu Abiola, Bayarabe daga Abekuta, ya kada Alhaji Bashir Tofa a jiharsa ta Kano, da ƙuri'u kusan dubu 170 a kan kusan dubu 155. Kwana goma sha ɗaya bayan haka sojoji suka soke zaɓen. Wannan ita ce babbar cin amanar da aka yi wa mai zaɓe, kuma tabonta bai goge ba.

Ku dubi maƙwabtanmu na Nijar a wannan shekara ta 1993. Su a lokacin zagaye biyu suke yi. Tandja Mamadou ne ya zo na ɗaya a zagayen farko, amma bai haura rabi ba, sai jam'iyyu suka haɗu a bayan Mahamane Ousmane ya ci zagaye na biyu. A can a lokacin mutum yakan zaɓi wanda zuciyarsa ke so da fari, domin ya san akwai wata damar. Mu kuwa tsarin Ingila muka gada a zaɓen 'yan majalisa, wanda ya fi da ƙuri'a ɗaya ya kwashe duka. Shi ya sa za ka ji mutum ya ce wane mutumin kirki ne amma ba zai ci ba, kada in yi asarar ƙuri'ata. Da haka ƙananan jam'iyyu suke mutuwa, a bar mu da gwanaye biyu ko uku.

Inda amana ta yi ƙaranci, Kanawa sun ƙirƙiro tasu dabarar. A 2003 jama'a suka riƙe kalmomin nan uku, a kasa, a tsare, a raka. Suka tsaya a rumfuna, suka bi akwatuna har wurin tattara sakamako, kuma Malam Ibrahim Shekarau ya kada gwamna mai ci, Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso. Ku lura, ba hukuma suka amince wa ba, idanunsu suka amince wa. A 2015, da Farfesa Attahiru Jega ya zo da na'urar tantance masu zaɓe, mutane suka ga alamar ƙuri'a za ta yi aiki, jihar Kano ta ba Janar Muhammadu Buhari ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari tara.

Sai 2019, shekarar da kalmar inkonkulusib ta shiga bakin har tsofaffinmu. Abba Kabir Yusuf yana gaba da ƙuri'u fiye da dubu 26, hukumar zaɓe ta ce masu rajista a rumfunan da aka soke sun fi wannan tazarar, a sake. Ranar 23 ga Maris aka sake a wurare irin su mazaɓar Gama, masu sa ido na Tarayyar Turai suka ba da rahoton mutane ɗauke da makamai suna tsorata masu zaɓe, aka ƙare Dakta Abdullahi Ganduje ya ci da tazarar da ba ta kai dubu 9 ba. A 2023 Abba ya ci da ƙuri'a fiye da miliyan ɗaya, kotun zaɓe ta cire masa ƙuri'u 165,663 bisa cewa babu hatimi da sa hannu a jikinsu, har sai da Kotun Ƙoli ta mayar masa ranar 12 ga Janairu 2024. To don Allah, dattijuwar da ta sha rana a layi a Gwale ko Dala, ita ce ke riƙe da hatimi? Ba mamaki ke nan da fitar masu zaɓen shugaban ƙasa a Nijeriya ta faɗo daga kusan kashi 69 cikin ɗari a 2003 zuwa kusan kashi 27 a 2023.

Duk wanda ya yi niyyar fita, in an miƙa masa takarda ya juya bayanta ya ga hatimi da sa hannun jami'i da kwanan wata kafin ya dangwala. Kada kuma ya bar rumfa sai an ƙirga da babbar murya, wakilan jam'iyyu sun sa hannu, an liƙa sakamakon a bango inda kowa zai karanta.