Kagarar Kumasi da Sojojin da Aka Kira Hausawa



A tsakiyar birnin Kumasi na ƙasar Gana akwai wani jan gini mai kaurin bango, wanda tun farkon shekarun 1950 ya zama gidan adana kayan tarihin soja. Turawan Ingila ne suka gina shi a 1897, shekara guda bayan sun kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya sun raba shi da ƙasarsa. Kafin nan, a 1874, rundunar Janar Wolseley ta ƙone birnin, ta rushe gidan dutsen da Sarki Osei Bonsu ya gina. Maganar da nake so in kafa wa hujja yau ita ce: mutanen da suka riƙe wa Turawa wannan kagara, suka mutu a cikinta, da sunan Hausawa aka rubuta su, don haka tarihin rundunonin da suka zauna a nan babi ne na tarihinmu, kuma nauyin bincikensa yana wuyanmu ko da ba ya mana daɗin ji.

Asalin abin daga Ikko ne. A 1863 wani hafsan jiragen ruwa mai suna John Glover ya tara 'yan Arewa kaɗan ya ba su bindiga, akasarinsu bayin da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa. Da su ya bi kogin Volta a yaƙin 1873 zuwa 1874, kuma daga cikinsu aka kafa rundunar 'yan sanda masu ɗauke da makamai ta Gwalkwas, wato Gana ta yau, a 1879. Su aka zuba a Kumasi da aka gama ginin.

Ranar 28 ga Maris 1900 Gwamna Frederick Hodgson ya tara sarakunan Asante, waɗanda kakanninmu fatake ke kira Tonawa, ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ya zauna a kai. Wannan kujera ko sarkinsu ba ya hawanta, domin a wurinsu ran al'ummar ne a cikinta. Uwar sarkin Ejisu, Yaa Asantewaa, ta zaburar da mazaje, kafin ƙarshen Afrilu an yi wa kagarar ƙawanya, an datse hanyoyin shiga gari da shingayen manyan gungume. Kyaftin Aplin ya kutso da 'yan sandan Ikko, Manjo Morris ya gangaro daga Gambaga a tsakiyar Mayu, amma kowane ɗauki ƙarin baki ne a kan abincin da ya riga ya ƙare. Dubban 'yan gudun hijira, ciki har da fatake da matan sojoji da 'ya'yansu, suka raɓe a gindin bango, yunwa da cuta suna ɗibarsu kullum. Ranar 23 ga Yuni gwamna da matarsa da mafi yawan sojojin suka fasa shinge suka nufi bakin teku. Aka bar Turawa uku, wato Kyaftin Bishop da Laftanar Ralph da likita Hay, tare da soja ɗari da 'yan kai, da yawansu ba sa iya tsayuwa don rama. Sati uku suka yi a haka, suna binne 'yan'uwansu a ramuka kusa da bango, har Kanar James Willcocks ya iso ranar 15 ga Yuli da dakarun da ya kwaso daga Arewacin Nijeriya da Saliyo da wasu wurare. Willcocks ya sami lambar girma daga Ingila. Sunayen Turawan nan uku suna cikin kowane littafi. Waɗanda suka tsaya a bakin tagogin harbi da ciki wayam kuwa, lamba kawai aka ba su: Hausawa kaza.

Bayan an ci Asante, aka kai Yaa Asantewaa tsibiran Seshel inda ta rasu a 1921, kagarar ta ci gaba da karɓar runduna bayan runduna. A 1901 sojojin Saliyo da aka bari suna gadi suka yi tawaye saboda jinkirin albashi da tsawaita zamansu, suka kama hanyar Cape Coast. A shekarar ce aka mayar da 'yan sandan da aka kafa a 1879 cikakkiyar rundunar soja ta Gwalkwas, da hedikwata a Kumasi, da taken Hausa, Kullum Shiri. Daga nan suka tafi Togo a Agustan 1914, inda ake danganta harbin farko na sojan Ingila a Yaƙin Duniya na Ɗaya ga Alhaji Grunshi, sannan Kamaru da Gabashin Afirka, sannan Habasha da Bama a yaƙi na biyu.

Sunan Alhaji Grunshi shi ne ƙofar suka ta farko, kuma suka ce mai ƙarfi. Za a ce mutanen nan ai ba Hausawa ba ne. Gaskiya ne, musamman bayan 1900, akasarin masu shiga soja Gurunsi ne da Moshi da Dagati da Frafra da Kanjaga da Zabarmawa. Magatakardan bariki yakan rubuta sunan mutum ya liƙa masa ƙabilarsa ko garinsa, shi ya sa takardun suka cika da Moshi da Fulani da Kano a gurbin sunan uba. Amma wannan bai fitar da mu ba. Tushen rundunar Hausawa ne na Ikko da Salaga. Da Hausa saje yake ba da umarni, da Hausa Bagurunshe yake magana da Bamoshe, a bariki da yawansu suka musulunta, kuma da aka sallame su zango suka nufa suka yi aure suka hayayyafa. Hausanci a Gana ya daɗe yana karɓar baƙo ta wannan hanya. Musulmi fatake suna Kumasi tun zamanin Osei Bonsu, kamar yadda Bature Bowdich ya gani a 1817, amma zangon Kumasi na yau ya bunƙasa ne a inuwar kagarar nan, da goro da fanshon soja tare.

Suka ta biyu ta fi ciwo. Za a ce sojojin haya ne, sun kashe masu kare ƙasarsu don sulalla, me za mu yi da tunawa da su? Ba zan wanke su ba. Asante ne ke da gaskiya a 1900, kuma dakarun da Gwamna Lugard na Arewacin Nijeriya ya ara wa Willcocks, da suka koma gida, su aka tura Kontagora da Bida a 1901, rundunarsu ce ta fasa Kano da Sakkwato a 1903. Sai dai adalci ya tilasta mu tambayi abin da ya kai su. Mutumin da aka kamo daga ƙauyensa aka sayar a kasuwar Salaga, ko wanda hare-haren Babatu Bazabarme suka watsa gidansu a ƙasar Gurunsi, ba shi da sarkin da zai ci amanarsa. Kakin soja shi ne takardar 'yancin da ya samu, kuma ubangijinsa na da ba ya iya biyo shi bariki. Idan muka ƙi duban sojan nan, abin da muke gudu a zahiri shi ne duban cinikin bayin da ya haife shi, wanda hannun fatakenmu da sarakunanmu yana ciki. Ban da haka, rundunar ba ta tsaya inda Turawa suka ajiye ta ba. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin sojojin da suka dawo daga yaƙi suka yi tattaki zuwa fadar gwamna a Akara kan haƙƙoƙinsu, aka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. 'Yan Kudu ne, domin zuwa lokacin rundunar ta haɗa kowa. Tarzomar da ta biyo baya ta buɗe hanyar da ta kai ga mulkin kai a 1957, aka sauya wa rundunar suna zuwa ta Gana.

Aikin da ya rage a gabanmu yana da wuraren farawa. Takardun mulkin mallaka suna ma'ajiyar tarihi ta Akara da ta Kumasi. Rubuce-rubucen Larabci da ajami na malaman zango, ciki har da na Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano da ya rasu a 1934 kuma ya yi rubutu a kan zuwan Nasara, an tattara da yawansu a Jami'ar Gana da ke Legon. Jikokin sojojin suna zangunan Kumasi da Tamale da Akara, kuma Hausa suke yi. Ɗalibin da ya iya karatun ajami, ya kuma san yadda ake gaida dattijo kafin a tambaye shi labarin kakansa, ya fi kowa cancantar haɗa sunayen da ke takarda da gidajen da suka fito. Ina roƙon sassan tarihi na jami'o'inmu su tura irin waɗannan ɗalibai tun dattawan da suka ji daga bakin sojojin da suka je Bama suna raye.