Kwance Dabaibayin Mayaƙan Jiki: Abin da Ɓeraye Suka Nuna



Jiki yana da mayaƙa, watau ƙwayoyin T, amma da dabaibayi suke, don kada su far wa gidan da suke tsaro. Da wannan dabaibayi ciwon daji yake fakewa. A wani bincike da aka wallafa a 1996, James Allison na Jami'ar Kalifoniya ya yi wa ɓeraye masu ƙari allurar sinadarin garkuwa, zuriyar ƙwaya guda, wanda furotin CTLA-4 kaɗai yake kamawa. Ku lura, sinadarin bai taɓa ƙarin ba. Dabaibayin ya kwance, mayaƙan suka cinye ƙarin.

To, amma ɓera ba mutum ba ne. Sai 2011 Amurka ta amince da ipilimumab, kuma a jikin wasu majinyata mayaƙan kan juya su illata hanji.